Bikin Jini: Tarihin Wani Wasan Kwaikwayo na Andalus da Matsalar Kawo Shi Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi karatun zaure a ƙasar Zazzau ya san Andalus, ko da bai taɓa ganin taswirarta ba. Alfazazi mai Ishiriniya mutumin can ne, haka Ibn Malik mai Alfiyya, haka kuma Ibn Asim na birnin Garnada, wanda alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da littafinsa Tuhfa. Amma saninmu da wannan ƙasa ya tsaya ne a shekarar 1492, lokacin da mulkin Musulmi ya ƙare a Garnada. Abin da mutanen wurin suka rubuta bayan nan bai cika isowa gare mu ba.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi tarihin wani wasan kwaikwayo na ban tausayi da wani ɗan lardin Garnada, Federico García Lorca, ya rubuta da Sifaniyanci a 1932. Sunan wasan Bodas de Sangre, watau Bikin Jini. Za a duba asalin labarinsa, da yadda aka yi ta nuna shi a ƙasashe dabam-dabam, da yadda kowane mai shiryawa ya fahimce shi. Daga ƙarshe za a auna abin da zai fuskanci malamin da ya yi niyyar mayar da shi Hausa don 'yan kallo irin na Makarfi da Gazara da Kudan da Ikara. An zaɓi wannan yanki ne don shi ya haifi Shu'aibu Maƙarfi, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa.

2.0 Mawallafi da Zamaninsa

An haifi Lorca ran 5 ga Yuni 1898 a ƙauyen Fuente Vaqueros, cikin fadamar Garnada. Mahaifiyarsa malamar makaranta ce, mahaifinsa kuwa babban manomi. A shekarar da aka haife shi ne Sifen ta rasa tsibirin Kuba, inda take samun sukarin rake, sai manoman fadamar suka duƙufa ga noman wani irin gwoza da ake tatsar sukari daga jikinsa, mahaifin Lorca yana cikin waɗanda suka yi arziki da shi. Ke nan yaron ya tashi a gidan wadata, amma a tsakiyar barori da 'yan ƙwadago, ya sha waƙoƙinsu tun yana goye. Shi da kansa, cikin wata lacca da ya yi a 1928 kan waƙoƙin reno, ya nuna cewa mata talakawa masu aikatau su ne ke shigar da tsofaffin waƙoƙi cikin gidajen masu hali.

A watan Afrilu 1931 sarautar Sifen ta faɗi, aka kafa jamhuriya. Cikin shekara biyu aka ba mata ikon jefa ƙuri'a, aka yi dokar da ta halatta rabuwar aure a Maris 1932, aka kuma yi dokar sake rabon gonaki a Satumba na wannan shekara. Aure da gona, su ne abubuwan da ake ta ja-in-ja a kansu a majalisa da jaridu sa'ad da Lorca ya zauna rubuta wasansa. A wannan shekarar ce kuma ya soma jagorantar wata ƙungiyar ɗaliban jami'a mai suna La Barraca, wadda ke ɗora kayanta a mota tana zaga ƙauyuka, tana nuna wa manoma wasannin magabata irin su Lope de Vega da Calderón.

3.0 Asalin Labarin

A daren 22 ga Yuli 1928, a wani gidan gona da ake kira Cortijo del Fraile, kusa da garin Níjar a lardin Almería, dangi sun taru don ɗaurin auren wata yarinya. Yarinyar tana ɗingishi, mahaifinta kuwa ya ware mata dukiya mai tsoka don kada ta tagayyara. Angon ƙanin mijin yayarta ne, abin da zai sa dukiyar ta zauna cikin gida. Kafin a ɗaura aure sai amarya ta sulale, ta gudu tare da wani ɗan'uwanta na jini wanda take so. Ba su yi nisa ba aka tare su a hanya, aka harbe saurayin har lahira, ita kuma aka shaƙe ta aka bar ta a kan ta mutu. Ba ta mutu ba. Kotu ta ɗaure wan ango saboda kisan, amarya kuwa ta yi sauran rayuwarta a ɓoye, ba ta yi aure ba, har ta rasu a 1987.

Jaridun Madrid sun yi ta yayata labarin, a can Lorca ya karanta shi. Ba shi kaɗai ne ya ɗauka ba. Wata marubuciya 'yar lardin Almería mai fafutukar 'yancin mata, Carmen de Burgos, ta riga shi fitar da ƙagaggen labari a kai a 1931, mai suna Puñal de Claveles. A nata labarin masoyan sun tsira, sun nufi sabuwar rayuwa. Lorca ya bi wata hanya. Ya jinkirta gudun amarya har bayan an ɗaura aure. Ya mayar da masoyin magidanci mai ɗa, matarsa kuma da ciki. Ya ƙago tsohuwar gaba ta jini tsakanin gidan ango da gidan masoyin. Ya kuma kashe mazan duka biyu. Kowane ɗaya daga cikin canje-canjen nan huɗu ƙofa ce ya toshe, don kada a sami wata mafita da za ta gamsar da kowa.

4.0 Zubin Wasan

Wasan kashi uku ne, fitowa bakwai. Mutum ɗaya tak aka raɗa wa suna, shi ne Leonardo. Sauran duk da matsayinsu ake kiransu: Uwa, Ango, Amarya, Uban Amarya, Matar Leonardo, Suruka, Baranya, Maƙwabciya.

A kashi na farko an nuna Uwa, wadda dangin Félix suka kashe mata miji da babban ɗa, ta tsani ko da ganin wuƙa. Ɗanta guda da ya rage ya sayi gonar inabi, yana son aure. Sai ta ji daga bakin Maƙwabciya cewa yarinyar ta taɓa yin saurayi tun tana 'yar shekara 15, saurayin kuwa Leonardo ne na gidan Félix, wanda daga baya ya auri wata 'yar'uwar yarinyar. Duk da haka ta je neman aure. Ita da Uban Amarya suka zauna suka yi ta lissafin gonaki da jikokin da za su nome su, aka sa rana. A kashi na biyu Leonardo ya riga kowa zuwa gidan biki a kan dokinsa, ya tuna wa Amarya cewa talauci ne ya raba su. Aka ɗaura aure a coci, ana cikin shagali aka nemi Amarya aka rasa. Matar Leonardo ce ta shigo ta tona cewa sun hau doki ɗaya sun gudu. Nan take Uwa, wadda ta fi kowa ƙin wuƙa, ta tura ɗanta ya bi sawunsu.

A kashi na uku salon ya juya. Yawancin maganar ta koma waƙa. Ga kurmi cikin dare, ga masu saran itace uku suna tattauna abin da ya faru. Wata ya fito cikin siffar saurayi mai farar fuska yana neman jinin da zai ji ɗumi da shi, Mutuwa kuma ta fito cikin siffar tsohuwa mabaraciya ta nuna wa Ango hanya. Ba a nuna faɗan a gaban 'yan kallo ba: kururuwa biyu kurum ake ji, sai kiɗan goge ya ɗauke. Fitowar ƙarshe ta mata ce zalla, a wani ɗaki fari fat. Amarya ta dawo ta miƙa wuyanta ga Uwa, tana rantsuwa cewa ba a taɓa ta ba, har tana neman a hura wuta su sa hannu a ga wadda za ta fara janyewa. Uwa ta nuna wannan bai dame ta ba, tun da ba zai tashi ɗanta ba. Wasan ya rufe da makoki.

5.0 Tarihin Nuna Wasan

An fara nuna Bikin Jini ran 8 ga Maris 1933 a gidan wasa na Beatriz a Madrid. Ƙungiyar Josefina Díaz de Artigas ce ta yi shi, ita kuwa ta fito a matsayin Amarya. Ƙungiyar ta saba da wasannin raha, don haka Lorca ya sha fama wajen gwaji kafin 'yan wasa su iya furta baitocin yadda yake so. An karɓi wasan da kyau, sai dai masu sharhi sun rabu a kan fitowar Wata da Mutuwa: wasu na ganin nan ne ƙololuwar wasan, wasu na ganin ta karya labarin ƙauye da aka faro.

Inda wasan ya yi tashe na haƙiƙa shi ne Buenos Aires ta Ajantina, inda Lola Membrives ta nuna shi tun daga Yuli 1933. Lorca ya bi shi can a watan Oktoba, ya zauna har Maris 1934, aka nuna wasan fiye da sau 100. Membrives matsayin Uwa ta ɗauka. Haka ma Margarita Xirgu da ta nuna shi a Barsalona a Nuwamba 1935, wanda Lorca ya ɗauka shi ne nuni na farko da ya dace da nufinsa. Abin lura a nan shi ne, babu kalma ɗaya da aka canja, amma da babbar 'yar wasa ta tashi daga Amarya ta koma Uwa sai nauyin wasan ya bi ta. Labarin masoya ya zama labarin mace mai binne 'ya'yanta.

Ba ko'ina ya yi sa'a ba. A Fabrairu 1935 an nuna shi da Ingilishi a New York da sunan Bitter Oleander, bai yi wata guda ba aka tattara. Siffantawar da bakin manomin Andalus ya saba da ita, ta kwatanta mutum da fure ko ruwa ko ƙasa, da ta shiga Ingilishi sai ta zama kamar ƙaƙale. Wannan gargaɗi ne ga kowane mai fassara.

Yaƙin basasa ya ɓarke a Yuli 1936. Ran 16 ga Agusta magoya bayan sojojin da suka yi tawaye suka kama Lorca a Garnada, bayan kwana biyu ko uku suka harbe shi tsakanin ƙauyukan Víznar da Alfacar, kusa da wata maɓuɓɓuga da har yanzu ake kira da sunanta na Larabci, Ainadamar, watau idon ruwan hawaye. Yana da shekara 38, ba a kuwa gano kabarinsa ba. Gwamnatin Franco ta soke dokar rabuwar aure a 1939. Xirgu ta zauna gudun hijira a Kudancin Amurka, inda ta fito a fim ɗin wasan da aka yi a Ajantina a 1938. Sai a 1962 José Tamayo ya sake kawo shi babban dandamali a Madrid.

Bayan nan wasan ya shiga wasu rigunan. Antonio Gades ya mayar da shi rawa a 1974, Carlos Saura ya ɗauki rawar a fim a 1981, cikin ɗakin gwaji wanda babu komai sai madubi da tagogi. Faɗan wuƙa da Lorca ya ɓoye, su suka fito da shi fili, suka ja shi sannu a hankali har ya zama zuciyar aikin. A 1977 kuwa Souheil Ben Barka, ɗan Maroko haifaffen Tambutu, ya ɗauke labarin ya dasa shi a wani ƙauyen Musulmi na kudancin Maroko, Irene Papas ta fito a Uwa. A 2015 Paula Ortiz ta yi fim mai suna La Novia, watau Amarya, ta mayar da nauyin inda ya faro a 1933.

6.0 Fahimta Iri Uku

Daga wannan tarihi ana iya ware fahimta uku. Ta farko ita ce ta ƙaddara: jini ne ke jan jini, Amarya ta gaji uwarta da aka ce ba ta son mijinta, Leonardo ya gaji danginsa, Wata da Mutuwa kuwa ma'aikatan abin da aka riga aka rubuta ne. Ta biyu ita ce ta dukiya: da Leonardo yana da gona da an ba shi yarinyar tun farko, saboda haka gona ce ta yi kisan, wuƙa 'yar aike ce. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da zaman neman aure da kuma rikicin gonaki na shekarun 1930. Ta uku ita ce ta mata: maza suna da doki da wuƙa da hanya, mata suna da ɗaki da jira, kuma su ake bari da gawa.

A ganina kuskure ne a riƙi ɗaya a yar da sauran, domin Lorca ya jera su ne bi da bi. Kashi na farko na gona ne, na biyu na zuciya da mutunci, farkon na uku na ƙaddara, ƙarshensa na mata. Mai shirya wasan da ya yanke fitowar Wata don gudun wahala ya bar mu da rahoton jarida irin na 1928. Wanda kuma ya gaggauta zaman neman aure don ya kai ga waƙoƙi ya bar mu da tatsuniya marar tushe.

7.0 Idan Za A Kawo Shi Ƙasar Zazzau

Kayan aiki dai akwai su. Mayar da wasan wata al'umma zuwa Hausa ba baƙon abu ba ne, tun da Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara wani wasan Shakespeare da sunan Daren Sha Biyu a 1971. A Jami'ar Ahmadu Bello an kafa sashen wasan kwaikwayo a 1975 ƙarƙashin Michael Etherton, aka gina masa dandali na ƙasa mai fasalin gidan Bahaushe, ɗalibai kuma suka riƙa fita ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo suna wasa da manoma, kamar yadda La Barraca ta yi. Zaman Uwa da Uban Amarya kuwa ba ya bukatar sharhi a Gazara ko Kudan, inda kowa ya san darajar fadamar rake da abin da take sayowa wajen neman aure. A mayar da gonar inabi fadama, an gama. Matsalolin suna wani wuri, guda huɗu ne.

Ta farko ita ce ta jigo. Rubutaccen wasan Hausa ya tashi ne da gargaɗi. A Zamanin Nan Namu na 1959, da Jatau Na Kyallu da ya biyo baya, Shu'aibu Maƙarfi yana nuna mai laifi a fili, ya bi shi har ya girbi abin da ya shuka. Jatau ya ƙi jin shawara, ya auri karuwa, ya watsar da iyalinsa, ya tsiyace, ɗan kallo ya tashi ya san darasin da aka ba shi. Haka Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina na 1979. Wanda ya saba da wannan zai nemi mai laifi a Bikin Jini, zai kuwa same shi da sauri: Amarya. In mai fassara ya biye masa, ya ƙara wani dattijo a ƙarshe yana wa'azi, to ya rubuta wani wasa ne dabam. Lorca bai wanke Amarya ba, gawa biyu shaida ce. Amma ya ba ta bakin faɗin abin da ya ci ƙarfinta, ya kuma sa Uwa, wadda aka fi zalunta, ta bar ta ta yi kuka a bakin ƙofa.

Ta biyu kishiyar ta farko ce. Tun daga shekarun 1980 littattafan soyayya na Kano, da finafinan da suka biyo su, sun saba wa matasa da labarin auren dole, inda iyaye ke da laifi masoya ke da gaskiya. Bikin Jini ba labarin auren dole ba ne. Babu wanda ya tilasta Amarya. Da bakinta ta amsa, ta kuma so ta riƙe amanar Ango, wanda yaro ne mai hankali da ƙwazo, ba tsoho mai kuɗi ba. In aka mayar da Ango mugu don a sami wanda za a tsana, tausayin ya zube, domin abin tausayin shi ne mutumin kirki ne aka yi wa haka.

Ta uku ita ce ta gaba. A ƙasar Hausa an daɗe da mayar da shari'ar jini hannun alƙali da sarki, da ƙisasi ko diyya. Uwa mai tura ɗanta da wuƙa za ta iya zama abin mamaki, ko abin zargi. Dole mai fassara ya kafa tun fitowar farko, kamar yadda Lorca ya yi, cewa waɗanda suka kashe mata miji suna nan da rai a kurkuku suna ci suna sha, ita kuwa tana ganin ba a yi mata adalci ba. Daga wannan miki ne umarninta ya fito.

Ta huɗu ita ce ta harshe, a nan kuwa Hausa ta yi mana rabin aiki ta bar mana rabi. A Sifaniyanci kalmar wata mace ce, sai da Lorca ya saɓa wa harshensa kafin ya mayar da shi saurayi. A Hausa wata namiji ne tun asali, har da matarsa Zara, mutuwa kuma mace ce, tsohuwa mai baƙin baki kuwa sananniya ce a tatsuniya. Sai dai farin wata a wurin Bahaushe lokacin gaɗa ne da dandali da hira. Kafin ɗan kallo ya ji tsoronsa sai an nuna masa abin da mai gudu ya sani, cewa hasken da ke tara 'yan mata a dandali shi ne ke tona asirin wanda ya ɓuya. Waƙoƙin wasan ma, ta reno da ta tashin amarya da ta makoki, fassara su kalma da kalma zai kai mu inda ya kai mutanen New York. Abin da ya kamata shi ne a ƙaga sababbi bisa karin waƙoƙin reno da na kai amarya da matan yankin suka sani, a riƙe hotunan da labarin ya rataya a kansu, watau dokin da ya ƙi shan ruwa da 'yar ƙaramar wuƙa.

8.0 Kammalawa

An ga yadda labarin wani gidan gona na 1928 ya zama wasa a 1933, da yadda ma'anarsa ta riƙa sauyawa gwargwadon wanda aka ba babban matsayi da abin da aka nuna ko aka ɓoye. An kuma ga cewa abin da zai wahalar da mai kawo shi Hausa ba gona ba ne ko al'adun biki, sabon da muka yi ne na neman wanda za a ɗora wa laifi kafin a tashi. Amfanin wasan ga ɗalibanmu yana nan daidai wurin. In malami ya karantar da Jatau Na Kyallu a zango ɗaya, ya biyo da Bikin Jini a na gaba, ɗalibi zai ga hanyoyi biyu da wasan kwaikwayo ke bi wajen gyaran jama'a: ɗaya ta nuna masa ramin da zai kauce wa, ɗaya ta zaunar da shi wurin makoki tare da waɗanda suka riga suka faɗa. Shawarata ga sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin horon malamai ita ce a haɗa masanin Sifaniyanci da mawaƙin Hausa da matan da suka san waƙoƙin biki, a yi fassarar daga tushe, a gwada ta a gaban manoma kafin a kai ta maɗaba'a.